Mutum-mutumi a Fagen Dodanni: Yadda Na'ura Ke Karkata Ƙididdigar Wasa

A shekarar 1996 kamfanin Game Freak na ƙasar Japan, tare da haɗin gwiwar Nintendo, ya fitar da wani wasan kwamfuta mai suna Pokémon. A cikinsa mai wasa yana tara wasu halittu na ƙage, waɗanda za a iya kira dodanni, ya horar da su, sa'an nan ya gwabza su da na abokin karawarsa. Da dodanni 151 aka fara, amma yanzu sun haura 1,000. Ko da yake don yara aka ƙirƙiro wasan, da tafiya ta yi tafiya sai manya suka gane cewa akwai lissafi mai zurfi a ƙarƙashinsa, har suka kafa gasa a kai. Wannan gasa ce a yau ta zama wurin gwaji ga masu binciken ƙwaƙwalwar na'ura, kuma ita ce ke nuna wani darasi na ilimin ƙididdiga wanda ya wuce batun wasa.

Yadda karawar take

Kowane mai wasa yana shiga fage da tawagar dodanni shida, kowane dodo kuma yana da dabarun faɗa huɗu. An kasa dodannin jinsi 18, kuma kusan kowane jinsi akwai wanda yake rinjaya, akwai mai rinjayarsa: na ruwa yana cin na wuta, na wuta yana cin na tsiro, na tsiro kuma ya koma ya ci na ruwa. A kowane zagaye mutanen biyu suna zaɓar abin da za su yi a lokaci guda, ba tare da ɗaya ya ga zaɓin ɗayan ba. Bugu da ƙari akwai sa'a a ciki, domin ƙarfin kowane hari yana faɗawa tsakanin kashi 85 da kashi 100 na iyakarsa, wani harin ma sau 70 cikin 100 kawai yake samun abokin gaba. A nan ne wasan ya sha bamban da dara irin ta Turawa, wadda na'urar Deep Blue ta ka da gwarzon duniya Garry Kasparov a cikinta a 1997. A dara komai a fili yake bisa allo. A Pokémon kuwa rabin labarin a ɓoye yake, sai dai a yi hasashe.

Masu gasa da yawa ba a kan na'urar Nintendo suke karawa ba. Suna haɗuwa ne a wani dandalin intanet mai suna Pokémon Showdown, wanda Guangcong Luo ya buɗe a 2011, inda mutum zai haɗa tawagar da yake so cikin 'yan mintoci, a haɗa shi da wani daga ko'ina a duniya. Dokokin gasar kuwa suna hannun wata ƙungiyar masu sha'awar wasan da ake kira Smogon, wadda aka kafa a 2004.

Yayi, da yadda ake auna shi

Tunda babu dodon da ya fi ƙarfin kowa, zaɓen tawaga ya dogara ne a kan abin da mutum yake tsammanin sauran jama'a za su zo da shi. Alal misali, bayan fitowar wasannin Scarlet da Violet a 2022, wani dodo mai suna Kingambit ya yi tashe ƙwarai. Da yake harin jinsin faɗa yana yi masa illa ninki huɗu, sai Great Tusk, wanda yake da irin wannan hari, ya zama kusan dole a tawagogi masu yawa. Da wannan ya yawaita kuma sai aka shiga neman abin da zai tare shi. Wannan juyi na wa ake yayi, wa ake tsoro, shi ne wasan da ke bayan wasa, kuma a nan za a kira shi yayi.

Smogon ba ta bar yayi a matsayin jita-jita ba, ƙidaya shi take yi. Kowane wata ana tattara duk karawar da aka yi a dandalin, a fitar da jadawalin da ke nuna kashi nawa na tawagogi ne suka ɗauki kowane dodo. Da wannan jadawali ake raba dodanni aji-aji, kamar yadda ake raba 'yan damben zamani bisa nauyi. Babban ajin da aka fi bugawa shi ne OU, watau na waɗanda aka fi amfani da su, sai UU, sai RU, sai NU, sai PU a can ƙasa. Ƙa'idar ita ce, duk dodon da yawan amfani da shi a wani aji ya kai wata iyaka, to, ya zama ɗan wannan aji, an haramta shi a duk azuzuwan da ke ƙasa. Galibi bayan wata uku ake sake wannan rabo.

Iyakar ba da ka aka tsayar da ita ba. Shekaru da dama kashi 3.41 cikin ɗari ce, daga baya aka mai da ita kashi 4.52. Ma'anar adadi na biyu ita ce: dodon da mai wasa yake da rabin damar haɗuwa da shi aƙalla sau ɗaya a cikin karawa 15. Mai karatu zai iya gwada lissafin da kansa. Idan damar ganin dodon a karawa ɗaya ita ce 0.0452, damar rashin ganinsa ita ce 0.9548. In aka ninka 0.9548 da kanta har sau 15, amsar za ta faɗo daf da rabi. Tsohuwar iyaka ta 3.41 haka aka samo ta, sai dai da karawa 20.

Tsari ne mai kyau, domin ba ra'ayin wani shugaba ne yake yanke hukunci ba, abin da jama'a suka aikata ne. Amma yana tsaye a kan wani zato da ba a rubuta ba, cewa kowace tawaga da aka ƙidaya, mutum ne ya zaɓe ta don yana son ya ci wasa.

Shigowar mutum-mutumi

Mutum-mutumin da ake nufi a nan ba na ƙarfe ba ne. Manhaja ce da ke buɗe asusu a dandalin, ta nemi abokin karawa, ta karanta halin da fage yake ciki, ta zaɓi hari, duk ba da hannun ɗan'adam ba. Rubuta irinta ba wuya, domin tsarin Showdown a buɗe yake ga kowa, kuma akwai kayan aiki na kyauta a harshen kwamfuta na Python da aka tanada musamman don haka.

Abin da ya fi ba mutum-mutumi tasiri a kan yayi ba wayo ba ne, rashin gajiya ne. A ɗauki misali na ƙiyasi: wani ƙaramin aji da ake yin karawa 30,000 a cikinsa a wata, watau tawagogi 60,000 ke nan aka ƙidaya. Kafin dodo ya kai kashi 4.52 yana bukatar ya bayyana a tawagogi 2,712. Manhajar da ke gama karawa ɗaya cikin minti biyar za ta yi 12 a sa'a, 288 a yini da dare, 8,640 a wata. Ashe ke nan asusu ɗaya tak, cikin kwana goma, ya isa ya ɗaga dodon da ba wanda ya damu da shi a wannan aji zuwa sama da iyaka. Ranar da aka sake rabo, 'yan ajin da ke ƙasa sai su wayi gari an ɗauke musu shi. In kuwa shi ne garkuwar da ke tare wasu dodanni masu haɗari a can, duk tawagogin da aka gina a kansa sun rushe, kuma mai yiwuwa a koma haramta waɗanda yake tarewa.

Akwai illa ta biyu wadda ba a cika lura da ita ba. Tunda kowace tawaga shida take ɗauka, duk wurin da manhajar ta cika, ta rage rabon sauran. A misalin da ya gabata, idan tawagar manhajar ta cinye kashi 14.4 na duk ƙidayar, dodon da kashi 5 na mutane ke amfani da shi zai bayyana a jadawali da kashi 4.28 kacal. Ya faɗi ƙasa da iyaka ke nan, sai a sauke shi zuwa ƙaramin aji inda ya fi ƙarfin kowa, alhali babu mutum ko ɗaya da ya sauya ra'ayi a kansa.

Masana tattalin arziki sun san wannan cuta tun tuni. Charles Goodhart, wanda ya yi aiki da Babban Bankin Ingila, ya nuna a 1975 cewa da zarar an ɗauki wani ma'auni aka ɗora hukunci a kansa, sai ma'aunin ya fara lalacewa, domin mutane za su koma neman juya shi. Ko kafin zuwan manhajoji ma an sha ganin mashahurin mai wasa ya yi ta tallata wani dodo, mabiyansa su yi masa ca, har ya haura aji. Bambancin shi ne wancan yana bukatar ɗaruruwan mutane su yarda, wannan kuwa kwamfuta ɗaya da wutar lantarki sun wadatar.

Katangar da aka gina

Masu ƙididdigar Smogon ba su ɗauki kowace karawa da daraja ɗaya ba. Dandalin yana ba kowane asusu maki bisa tsarin Glicko, wanda masanin ƙididdiga Mark Glickman ya ƙirƙiro a 1995 don gyara tsarin Elo na 'yan dara. Glicko lamba biyu yake bayarwa: ƙiyasin ƙarfin mutum, da gwargwadon shakkar da ke cikin ƙiyasin. Nauyin da ake ba tawagar mutum a ƙidaya shi ne yiwuwar cewa ainihin ƙarfinsa ya haura wani mizani, wanda a yawancin azuzuwa maki 1630 ne. Wanda ke kan 1630 daidai, rabin ƙuri'a yake da ita. Wanda ke kan 1500 da shakkar maki 65, nauyinsa kusan kashi biyu cikin ɗari ne kacal, mai 1760 da irin wannan shakka kuwa yana da kusan kashi 98. Sabon asusun da ba a san ƙarfinsa ba, ba ya tsinana komai.

Wannan ya kashe kasuwar manhajar da ba ta iya wasa ba. Ko ta yi karawa dubu goma, in tana shan kaye, tamkar ba ta zo ba. Sai dai katangar tana aiki ne muddin na'ura ta kasa cin mutane, kuma wannan sharaɗi ne yake ta zaizayewa.

A 2024 masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Georgia da ke Amurka suka fitar da PokéLLMon, wadda ke amfani da irin manhajojin nan masu sarrafa harshe, ta ci kashi 49 cikin ɗari na karawar da ta yi da mutane a dandalin. Sun ma lura da wani hali mai ban dariya a tare da ita: in ta haɗu da dodo mai ƙarfi sai ta ruɗe, ta yi ta sauya nata dodannin ɗaya bayan ɗaya ba ta kai hari ba, har sai da aka yi mata gyara. A 2025 kuma wasu a Jami'ar Texas da ke Austin suka horar da wata mai suna Metamon da tarin bayanan karawar da mutane suka yi a baya, ta shiga dandalin ba tare da an san ta ba, ta kai cikin kashi goma na sama a wasu tsofaffin sigogin wasan. Manhajar da ta kai nan, ƙuri'arta cikakkiya ce, ga kuma yawa.

Har ila yau, manhajojin da suka iya wasa da jadawalin Smogon ɗin suke hasashen abin da abokin gaba ya ɓoye. Su karanta jadawali, su yi wasa bisa gare shi, wasan nasu kuma ya shiga jadawalin wata mai zuwa. Su ma mutane ba a bar su a baya ba: wanda ya haɗu da tawaga iri ɗaya sau biyar a dare guda, lalle zai gyara tasa don ya tare ta, kuma wannan gyara sahihin zaɓin mutum ne, babu yadda za a yi a cire shi daga ƙidaya ko da an gano asusun na'urar an goge shi. Akwai kuma batun zaɓe. In ana son haramta wani dodo a ajin OU, waɗanda suka kai wani matsayi da sabon asusu ne ke kaɗa ƙuri'a, kuma ana bukatar kashi 60 kafin a haramta. An sa wannan sharaɗi ne don a tabbatar mai zaɓe ya san wasan, amma na'urar da ta iya hawa tana iya samar wa wanda bai san komai ba wannan dama.

Gano mutum-mutumi aiki ne na lura da ɗabi'a: asusun da ba ya barci, mai amsawa da saurin da ba ya canzawa, mai maimaita zaɓi ɗaya duk sa'ad da hali ɗaya ya taso. Mai rubuta manhaja kuwa yana iya sa ta jinkirta, ta huta, ta rarrabu zuwa asusu ashirin. Hanyar da ta fi sauƙi ga masu bincike na gaskiya ita ce su ware wa na'urorinsu fage. Da yake kowa na iya kafa nasa dandalin Showdown, gasar PokéAgent da aka shirya a taron NeurIPS na 2025 a kan dandali na daban aka gudanar da ita, inda manhajoji suka yi ta gwabzawa da junansu, ba tare da karawarsu ta shiga jadawalin da ake raba azuzuwa da shi ba.