CETO A AƘIDAR KIRISTOCI: KYAUTA NE KO LADAN AIKI?



Makon jiya wani ɗalibina da ke aikin jinya ya turo min saƙo. Ya ce suna aikin dare da wani abokin aikinsa Kirista, hira ta yi hira, sai abokin ya ce masa: "Ku Musulmi kuna ta wahalar tara aiki don ku sayi Aljanna, mu kuwa kyauta aka ba mu ceto." Ya ce min, "Malam, wallahi rasa abin cewa na yi, kuma har yau maganar tana min yawo a zuciya." Na ce masa ya dakace ni, zan yi bayanin a nan don kowa ya amfana.

Zan fara da faɗin abin da suke cewa, yadda su da kansu suke faɗinsa. Tun muna jami'a, a darasin addinai da ƙungiyoyi, aka koya mana cewa ba a raddi ga magana sai an fahimce ta yadda mai ita zai yarda cewa haka yake nufi. Kuma Suratul Ankabut, aya ta 46, ta umarce mu da mu yi muhawara da Ahlul Kitabi ta hanya mafi kyau.

NA FARKO: TANADIN UBANGIJI

Kiristoci sun yarda cewa Allah ne mai ciyarwa da tufatarwa. A Linjilar Matiyu, sura ta 6, an ruwaito Yesu yana hana almajiransa damuwa da abin ci da abin sawa, yana buga musu misali da tsuntsaye waɗanda ba su noma ba su da rumbu, amma ba su kwana da yunwa. A surar ne kuma addu'ar da suke karantawa kullum take, wadda a cikinta suke roƙon abincin yini. Duk wanda ya san hadisin Umar (RA) da Tirmizi ya ruwaito, na tsuntsun da ke fita da safe ciki wayam ya dawo da yamma a ƙoshe, zai ga cewa a wannan gaɓar maganar tasu ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

To amma su ba a nan suke tsayawa ba. Suna cewa mafi girman abin da Allah ya tanadar wa ɗan Adam ba abinci ba ne, ceto ne. Hujjarsu tana komawa ga Littafin Farawa, sura ta 22, ƙissar Annabi Ibrahim (AS) da ɗansa. Su a wurinsu Ishaƙ ne aka yi nufin yankawa, mu kuwa magana mafi rinjaye ita ce Isma'il (AS) ne. A ƙissar tasu, da aka fanshi yaron da rago, Ibrahim ya sa wa wurin suna mai ma'anar cewa Ubangiji ne mai tanadi. Sai malamansu suka ce ragon nan ishara ce ga Yesu, shi ya sa za ka ji suna kiransa Ɗan Rago na Allah.

NA BIYU: YADDA SUKE FAHIMTAR CETO

Aƙidar a tsare take, mataki-mataki. Suna cewa saɓon da Adam ya yi ya gurɓata zuriyarsa gaba ɗaya, kowa da shi ake haihuwarsa, wannan shi ne zunubin asali. Tunda haka ne, babu aikin da mutum zai yi ya wanke kansa. Don haka, a cewarsu, Allah da kansa ya tanadi fansa: Yesu ya mutu a kan gicciye a madadin mutane, ya tashi a rana ta uku, wanda duk ya ba da gaskiya gare shi ya sami ceto. Wannan kyautar ita suke kira "alheri". Mafi yawan hujjojinsu a kai suna cikin wasiƙun Bulus, musamman Romawa da kuma Afisawa sura ta 2, inda ya nuna cewa ceto baiwa ce ba sakamakon aiki ba, don kada wani ya yi fahariya.

Kada ka zaci bakinsu ɗaya a kan matsayin aiki. A farkon ƙarni na 5, wani mai suna Pelagius ya ce mutum yana da ikon bin umarnin Allah da zaɓinsa. Augustine, limamin cocin Hippo, wato garin Annaba na Aljeriya a yau, ya yi masa raddi mai zafi, aka kuma yi watsi da ra'ayin Pelagius a taron Kartaj na shekarar 418. A 1517 Martin Luther ya tashi a Jamus yana sukar sayar da takardun yafe horon zunubi, ya tsaya a kan cewa bangaskiya kaɗai ke kuɓutarwa. Cocin Katolika ta mayar da martani a taron Trent (1545 zuwa 1563) cewa alheri ne tushe, amma dole mutum ya ba da haɗin kai da aiki nagari. Su ma suna da hujja a Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, wadda ta kwatanta bangaskiya marar aiki da gawa. Ka ga ke nan, Kiristan da ya san addininsa ba zai ce maka "kyauta" tana nufin a kwanta a miƙe ƙafa ba.

NA UKU: SHIN MU SAYEN ALJANNA MUKE YI?

A'a. Nan ne abokin ɗalibina ya yi kuskure, kuma abin takaici Musulmi da yawa ma haka suka ɗauka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya bayyana cewa aikin mutum ba shi zai shigar da shi Aljanna ba. Sahabbai suka tambaya ko har da shi, ya ce har da shi, sai dai idan Allah ya lulluɓe shi da rahamarsa. Jama'a, wannan fa Manzon Allah ne! Ina ga ni da kai?

Wani zai ce, to ai Suratun Nahl, aya ta 32, ta danganta shiga Aljanna da abin da mutane suka aikata. Haka ne, kuma babu cin karo. Malamai irin su Ibn Taimiyya sun yi bayani cewa harafin "ba" a ayar na sababi ne, wanda aka kore a hadisin kuwa na musaya ne. A Hausance: aiki dalili ne, ba farashi ba ne. Manomi yana shuka, amma shukarsa ba ita ce kuɗin ruwan sama ba. Kuma wa ya ba ka lafiyar da ka tashi asuba? Wa ya karkato zuciyarka ga sallar? Aikin ma kansa kyauta ne.

NA HUƊU: INDA MUKA RABU

Saɓaninmu da su ba a kan ko Allah mai kyauta ne yake ba. Yana kan hanyar da kyautar take zuwa. Mu ba mu yarda da zunubin gado ba, domin Baƙara aya ta 37 ta nuna Adam (AS) ya tuba an karɓi tubarsa, magana ta ƙare. An'am aya ta 164 ta tabbatar da cewa babu mai ɗaukar nauyin laifin wani. Nisa'i aya ta 157 kuwa ta kore kashe Annabi Isa (AS) da gicciye shi. Shi bawan Allah ne kuma Manzonsa, imaninmu ba ya cika sai da son sa. A wurinmu Allah yana yafewa ne kai tsaye ga wanda ya tuba, ba tare da an zubar da jinin kowa ba.

Don haka ya kai ɗalibina, idan kun sake haɗuwa, ba sai ka ɗaga murya ba. Ka ce masa: mu ma da rahamar Allah muke fatan tsira, ba da yawan raka'o'inmu ba, sai dai ba mu ga cewa rahamar tana buƙatar gicciye ba. Ka saurare shi, shi ma ya saurare ka, sannan ku koma kan marasa lafiyarku.

Mu kuma sauran, mu binciki zukatanmu. Wanda ke ƙirga Umrarsa da tahajjudinsa yana yi wa mai saɓo kallon ɗan wuta, shi ne yake gaskata zargin da ake mana. Ka yi aiki iyakar ƙarfinka, ka kuma ji tsoron kada a mayar maka da shi.

Allah ya karɓi ɗan abin da muka yi, ya yafe mana abin da muka gaza, ya lulluɓe mu da rahamarsa. Wallahu a'alam.