Abincin Mai Jego da Lafiyar Jariri

Ya ku iyaye mata da maza, da kakanni da ungozomomi, ku sani nonon uwa shi ne abincin da ya fi dacewa da jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba shi nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, sannan a haɗa masa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Duk da haka, a gidaje da yawa da zarar jariri ya cika kuka sai a ce nonon uwarsa ya ɓaci. A hana ta wannan, a hana ta wancan, wani lokaci har a cire yaron daga nono. Wannan takarda za ta nuna inda zargin yake da tushe da inda ba shi da shi.

Abin da ba cuta ba ne

Kukan yamma da murɗe-murɗe al'adar jarirai ce. Yakan tsananta wajen mako na 6, ya lafa tsakanin wata 3 da 4. Tumbuɗi bayan shan nono ba ciwo ba ne muddin yaro yana ƙiba. Kashin mai shan nono zalla yakan zama ruwan ɗorawa mai laushi, kuma wannan ba zawo ba ne. Wake ko kabeji na iya kumbura wa uwa ciki, amma iskar da ke hanjinta ba ta shiga nono. Gwajin da ake yi na tatsar nono a jefa tururuwa a ciki ba ya nuna komai game da lafiyar nonon. Abin da za a duba shi ne katin awo: in nauyin yaro yana hawa, nonon yana aikinsa.

Abin da ke faruwa da gaske

Akwai 'yan jarirai ƙalilan da jikinsu ba ya karɓar wani abu daga abincin uwa. Ɗan ɓurɓushin sinadarin gina jiki na abin da ta ci yakan bi jininta ya shiga nono, sai jikin yaron ya ɗauke shi abokin gaba ya yi ta yaƙarsa. Wanda ya fi yawan jawo haka shi ne nonon shanu. Bayansa akwai ƙwai, waken suya, gyaɗa, alkama da kifi. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin jarirai 200 masu shan nono zalla, kusan ɗaya ne kawai nonon shanu ke damu ta wannan hanya.

Alamomin su ne: zaren jini ko majina a kashi, ƙuraje masu ƙaiƙayi da bushewar fata a kumatu da lanƙwasar gaɓoɓi, amai mai yawa a kai a kai, da tsayawar nauyi. Jini a kashi na iya zama atini ko wata cutar hanji, saboda haka malamin asibiti ne zai rarrabe, ba maƙwabciya ba. In kuwa leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe, ko yaro ya yi laushi, a garzaya asibiti nan take ko da tsakar dare ne.

Goro, shayi mai ƙarfi da kofi suna da wani sinadari mai hana barci da ke ratsawa cikin nono. Uwar da ke yawan cin goro ta rage, ta ga ko yaron zai sami barci.

Yadda ake gano abincin

Na farko, a je asibiti a auna yaro, a faɗi abin da aka gani.

Na biyu, a cire abinci ɗaya tak, ba biyar ba. In an cire da yawa lokaci guda, ba za a san wanne ne mai laifi ba. Yawanci da nonon shanu ake farawa, kuma a cire shi duka: nono, kindirmo, madarar gwangwani da ta gari, man shanu, cuku, da biskit ko alewar da aka yi da madara. Nonon akuya da na tumaki ba madadi ba ne, don sinadarinsu ya yi kama da na shanu. Fura ba ta da laifi. A dama ta da ruwa.

Na uku, a yi haƙuri mako 2 zuwa 4, ana lura da kashi da fata da barcin yaro.

Na huɗu, in an ga sauƙi, uwa ta sake cin abin bisa shawarar likita. In alamomin suka dawo, an tabbatar. In ba su dawo ba, ko tun farko ba a ga sauƙi ba, to abincin ba shi da laifi, ta koma cin abinta. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, har mace ta shekara tana ƙaurace wa abin da bai taɓa cutar da ɗanta ba.

Kada a bar uwa da yunwa

Mai shayarwa tana bukatar ƙarin abinci. In an hana ta nonon shanu da ƙwai da gyaɗa da kifi bisa zato, garin neman ƙiba an samo rama. Duk abin da aka cire a maye gurbinsa. Sinadarin ƙarfafa ƙashi da ake samu a nonon shanu yana nan a miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu, kuma likita na iya ƙara mata ƙwayar magani. Ta ci wake, nama da hanta gwargwadon hali, ta sha ruwa sosai.

Kunun kanwa kuwa a yi hattara da shi. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan shansa, tare da zafin wankan jego, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Haka kuma guje wa gyaɗa ko ƙwai tun kafin a ga wata alama ba ya kare yaro daga komai.

Jan hankali

Maigida, cefanen mai jego a wuyanka yake, haka ma kai yaro asibiti. Iya da Gwaggo, ku kuka fi kowa lura da jika, sai ku kai abin da kuka gani gaban malamar asibiti maimakon ku yanke hukuncin yaye. Madarar gwangwani ta jarirai da nonon shanu ake yin mafi yawanta, saboda haka yaron da nonon shanu ke damu sai ta ƙara masa ciwo, ga tsada, ga haɗarin zawo daga ruwa marar tsabta. Yawancin yaran nan jikinsu kan daina ƙin abincin tun suna ƙanana, wasu ma kafin su cika shekara. A gyara abincin uwa in an tabbatar da dalili, a bar yaro a kan nononsa.