Shawara ga iyaye a garin Hawata kan ilimin tattalin gida

Idan 'yarku ta ce ilimin tattalin gida take so ta karanta, kada ku ce ai girki a gindin murhu ake koyonsa. Fannin ya haɗa kimiyyar abinci mai gina jiki, renon yara, ɗinki, tsafta da lissafin kuɗin iyali. Jami'ar mata ta Ahfad da ke Omdurman, wadda aka kafa a 1966, na cikin wuraren da suka daɗe suna koyar da shi.

Ku dubi abin da ke ƙofarmu. Jiharmu ta Gadarif rumbun dawa da riɗi ce, Kogin Rahad kuma yana ba mu kifi, amma ana sayar da yawancinsu ɗanye, ribar ta tafi wani gari. Wadda ta iya tatsar man riɗi da tsafta, da bandar kifin da ba zai yi tsutsa ba, da haɗa kunun yaye daga dawa da gyaɗa, ta riƙe sana'a. Tun ɓarkewar yaƙi a ƙasarmu a 2023, asibitoci da ƙungiyoyin agaji na matuƙar buƙatar masu gane tamowa.

Kafin ta shiga makaranta, ku tambaya ko ana gwajin aiki da hannu. Samari ma kada a hana su.