Darasin Hunturu a Tsofaffin Lambunan Dutse

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska takan taso daga Sahara ta lulluɓe ƙasar Dutse da hazo. Wanda ya zaga lambuna da gonakin da ke kewaye da Garu, inda tsohuwar fadar Sarkin Dutse take, sai ya zaci tsirrai sun mutu. Alhali kuwa a wannan lokaci ne kowace bishiya take nuna dabararta ta rayuwa.

Tushen al'amarin shi ne ruwa. Ganye yana da ƙananan kafofi waɗanda ruwa yake fita ta cikinsu, kuma bushewar iska tana ƙara saurin fitarsa. Saboda haka kuka takan zubar da ganyenta, ta dogara da ruwan da ta ajiye a gangar jikinta. Kariya ma haka take yi, har ta fitar da jajayen furanni a kan rassa tsirara.

Dabino, wanda Dutse ta shahara da shi, ba ya zubar da ganye. Ganyensa mai kauri ne, yana da wani rufi kamar kakin zuma da ke tare ruwa. Namiji dabam, mace dabam, don haka manoma sukan ɗora garin furen namiji a kan furen mace da hannu. Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya tana da reshen nazarin dabino a Dutse.

Gawo kuwa ya saɓa wa kowa: yakan kaɗe ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani, domin saiwarsa tana nutsawa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa gero yake albarka a gindinsa, dabbobi kuma su sami abinci lokacin da ciyawa ta ƙare.

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, gine-gine da neman itacen girki suna cin filayen bishiyoyi. Gatari yakan kayar da gawon shekara hamsin a wuni guda.

Aikin ɗalibai: kowane aji ya zaɓi bishiyoyi biyar kusa da makaranta, a riƙa rubuta halin ganyensu da furensu kowane mako, daga farkon sanyi har faɗuwar damina.