Mai Kamun Bisashe: Aikinshi da Abin da Ake Nema Gare Shi

Kai mai karatu, ka san bisa dukiya ce. Akuya guda tana biyan kuɗin magani, rago guda yana fid da mai gida kunya ranar suna. Amma bisar da aka saki ba mai tsaro tana jawo ɓanna. Ta shiga gonar mutane ta ci gero, ta shiga kasuwa ta zubar da kaya, ta hau titi mota ta buge ta. Kare kuwa in ya haukace, cizo guda ya isa ya kashe mutum. Don haka hukuma take da ma'aikata masu lura da wannan sha'ani. Yau za mu ga aikinsu, da halin da ake nema gare su, da abin da ya rataya a wuyanka kai ma.

Su wane ne?

A ƙasarmu Nijar aikin nan ya kasu biyu. Akwai ma'aikacin magajin gari, mai kamun bisashen da ke yawo barkatai. Shi ke tsaron gidan ajiyarsu, wanda ake kira furiyar da Faransanci. Akwai kuma ma'aikacin kiwo, wanda muke ce ma likitan bisashe. Shi ke duba lafiyarsu, ya yi musu allura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa su biyun suke aiki tare, da taimakon masu gari da masu unguwa da shugabannin makiyaya.

In an kama bisa

Bisar da aka kai gidan ajiya amana ce, har yanzu ta mai ita ce. Abu na farko da ma'aikaci zai yi shi ne rubutu. Ya buɗe littafi ya rubuta ranar da aka kama ta, da wurin, da irinta, da launinta, da alamar da ke jikinta. Misali: jar akuyar Maraɗi mai tsage a kunnen dama. Ko tunkiya uda, gabanta baƙi, bayanta fari. Ko saniya mai alamar wuta a cinya. Sannan a yi shela don mai ita ya ji.

Akwai doka bisa wannan. Dokar kiwo ta ranar 20 ga watan Mayu
2010 ta ce dole a ba bisar da ke gidan ajiya abinci, a tsare ta, a kula da lafiyarta. In an yi sakaci, alhaki yana kan hukumar da ke riƙe da gidan. Dokar ta ce ba a hanzarin saida bisar mutane. Babbar bisa, kamar saniya ko raƙumi, sai ta yi aƙalla wata 3. Akuya ko tunkiya kuwa, aƙalla kwana 15. Bayan haka ne za a yi sanarwa, a ƙara jira, kana a yi gwanjo a gaban jama'a.

To, in taka ce ta ɓata, kada ka zauna gida kana cigiya da baki kawai. Tafi gidan ajiya da wuri, ka faɗi kamanninta, ka je da shaidu. Za ka biya kuɗin tsaro da na ci. Amma ko dala ɗaya ka biya, ka karɓi takarda, ka karanta abin da aka rubuta a ciki. Ga ɗaya daga cikin amfanin karatun da kake yi ke nan.

Ɓannar gona

Mafi yawan rigima tana tashi da kaka, lokacin da hatsi ya nuna kuma garkuna suna gangarowa daga arewa. Kowace shekara hukuma ce ke tsaida ranar sakin gonaki. Makiyayi ya jira wannan rana. Manomi shi kuma kada ya nome burtali, kada ya toshe hanyar ruwa.

In bisashe sun ci gona, a je gaban mai gari ko hakimi, a tura mutane su duba ɓannar, a yanke diyya. Sai sulhu ya gagara ake zuwa gaban alƙali. Dokar 2010 ta ce in mai bisashe ya amsa laifi gaban hukuma, ba a riƙe mishi bisashenshi a gidan ajiya.

Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu. A watan Oktoba 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayukan mutane fiye da 100, galibinsu mata da yara. Ma'aikacin da ya iso da wuri, ya raba bisa da gona, ya kai magana inda ya dace, ya kashe wuta tun tana ƙarama.

Mahaukacin kare

Nan ne aikin ya fi haɗari. Ciwon haukan kare yana cikin yawun bisar da ta kamu. Yana shiga jikin mutum ta cizo, ko ta yagushi, ko in yawun ya taɓa wani rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne. Cikin mutum 10 da ciwon ya kashe, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Yaya ake gane karen? Halinshi ya canja. Yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya tarar, har itace da dutse. Muryarshi ta sake. Wani kuma ba ya faɗa, sai ya laɓe wuri guda, baki sake, ƙafafu sun mutu. Saniya, jaki da raƙumi su ma suna kamuwa in kare ya cije su. In ka ga saniya tana zubar da yawu ta kasa haɗiya, kada ka sa hannu bakinta wai wani abu ya maƙale mata. Kira likitan bisashe.

In kare ya ciji mutum, ga abin yi. A wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har minti 15. A kai shi gidan likita ran nan ran nan, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a sa toka, ko barkono, ko gashin karen. Ciwon yana iya ɓuya wata 2 ko 3, mutum yana ganin ya warke. Ran da ya fara tsoron ruwa, magani ya ƙare. Amma allura tana tsare shi in an fara da wuri, an kuma cika ta. Wani Bafaranshe mai suna Luwi Fastar ne ya fara yi ma wani yaro ita a 1885, yaron ya rayu.

Shi kuma karen, aikin ma'aikata ne. In yana da mai shi, a ɗaure shi, likitan bisashe ya riƙa duba shi har aƙalla kwana 10. In an kashe shi, kada a jefar da gawar, kada yara su taɓa ta. Ana iya aika kanshi ɗakin bincike don a tabbatar. Rigakafi ya fi magani: masana sun nuna in an yi ma kare 7 cikin 10 allura a gari, ciwon yana yankewa. Ranar 28 ga watan Satumba ta kowace shekara, duniya tana tunatar da mutane wannan.

Abin da ake nema ga ma'aikaci

Na ɗaya, ya iya karatu da rubutu da lissafi. In babu littafi, bisar wani sai ta koma ta wani.

Na biyu, ya san doka, ya san iyakar ikonshi. Shi mai kamu ne da ajiya. Yanke diyya aikin masu sulhu ne da alƙali.

Na uku, ya san halin bisashe. Ya san jaki da ƙafar baya yake harbi, sa da ƙaho yake tunkuɗa, raƙumi yana cizo. Ya iya jefa igiya, ya iya ɗauri ba tare da ya karya bisa ba. Ba a dukan bisa don an ji haushin mai ita.

Na huɗu, ya zama mai lafiya da ƙarfin jiki, ya kuma tsare kanshi. Kada ya tunkari kare hannu sake. Ya kamata mai irin wannan aiki a yi mishi allurar haukan kare tun kafin a cije shi.

Na biyar, haƙuri da gaskiya. Mutane suna zuwa mishi rai ɓace, wani da zagi. Ya saurari kowa, ya yi ma Bahaushe da Bafillace da Buzu da Bazabarme daidai wa daida. Akuyar attajiri da ta talaka igiya ɗaya ake ɗaura musu. Wanda ke karɓar na goro ya saki bisa ba takarda, ya ci amana.

Naka aikin

Ka ɗaure bisashenka da damina. Ka yi musu alamar da za ka gane su. In kana da kare, ka kai shi a yi mishi allura, ka ajiye takardar. Ka hana yara jifar kare ko taɓa shi yana cin abinci, ka kuma ce musu duk wanda kare ya ciza ya faɗa, ba za a buge shi ba. In bisar wani ta yi maka ɓanna, kada ka sare ta. Kai ta gaban hukuma.

Tambayoyi

1. Me ma'aikaci ke rubutawa in an kawo bisa gidan ajiya?
2. Wata nawa saniya za ta yi kafin a yi sanarwar saida ta?
3. Minti nawa ake wanke cizon kare?
4. A garinku, wa ake kai ma ƙarar ɓannar gona? Ku tattauna.