Mu Bar Yara Su Zana Maganar Bishiya

A bangon makarantu da yawa an rubuta "Mu dasa bishiya", amma yara sukan haddace kawai su wuce. A aikina na koyar da zane a firamare, na lura magana ba ta zama a zuciyar yaro sai hannunsa ya yi aiki da ita. Shi ya sa duk mako nake ba ɗalibaina maganar hikima ɗaya kan kare muhalli, su mayar da ita hoto.

Da ta gida muke farawa: "Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi." Kafin darasi, kowa zai tambayi kakarsa wace bishiya ce a da take ko'ina amma yanzu ta yi ƙaranci. Sai su dawo da sunaye: kanya, ɗorawa, kaɗanya, gawo. Sannan a raba takarda biyu, gefe ɗaya garin da kaka ta sani, ɗaya gefen garin yau. A nan tambaya ke fitowa daga bakin yaron da kansa: "Malam, ina suka tafi?" Daga nan hira kan itacen girki, gawayi da kwararowar hamada ta buɗe.

Wani makon nakan kawo labarin da Wangari Maathai ta Kenya ta yawaita bayarwa, na ɗan tsuntsun da ke ɗibar ruwa da baki yana zubawa a gobarar daji, manyan dabbobi na tsaye suna kallo. Ita ce ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itatuwa a 1977, ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Kowane yaro zai zana tsuntsun, ya rubuta a ƙasa ɗan abin da shi ma zai iya yi.

Kayan aikin ba sa buƙatar kuɗi. Zobo na ba da ja, gangamau rawaya, gawayin murhu baƙi. Ganyen mangwaro da darbejiya da suka faɗo, a shafa musu launi a buga a takarda. Ledar ruwa da aka tsinto a fili, a yanka a liƙa.

Malamai 'yan'uwana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku ware darasi ɗaya a mako don wannan, kuma da faɗuwar damina kowane aji ya dasa bishiyarsa, ya riƙa ba ta ruwa.