Darasin Tattalin Arziki: Hekta 78 Na Daji A Tsakiyar Lekki, Wa Ke Biyan Kuɗinsu?

Duk ɗan kasuwar da ya bi babbar hanyar Lekki zuwa Epe a birnin Ikko ya san irin darajar da ƙasa ta yi a wannan yanki. Gidaje masu tsada, manyan kantuna da ofisoshin kamfanoni sun jeru a kan hanyar, can gaba kuma ga sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Dangote, waɗanda aka buɗe a shekarar 2023. Amma a daidai wajen kilomita 19, kusa da hedkwatar kamfanin mai na Chevron, akwai wani fili mai faɗin hekta 78 wanda aka bar shi daji. Wannan shi ne Cibiyar Kiyaye Muhalli ta Lekki. Darasinmu na yau zai duba ko barin irin wannan fili ba tare da gini ba asara ce, ko kuwa akwai lissafin da ya goyi bayansa.

Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, watau NCF, ita ce ta kafa cibiyar a shekarar 1990, da taimakon kuɗi daga kamfanin Chevron. Ita kanta gidauniyar an kafa ta a 1980 bisa jagorancin marigayi Cif S. L. Edu, wanda sanannen ɗan kasuwa ne a Ikko. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan batu: attajiri ne wanda ya san darajar fuloti ya tsaya a kan a keɓe dajin. A lokacin yawancin Lekki fadama ce da ƙauyukan masunta. Yau dajin ya zama tamkar tsibiri, gine-gine sun kewaye shi. A cikinsa akwai birai, da kadoji, da kunkuru, da tsuntsaye iri-iri, da hanyar katako ta kusan kilomita biyu wadda ta ratsa fadamar. A 2015 aka ƙara masa gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke bi ta saman itatuwa, wadda ta jawo masa baƙi da yawa.

Bari mu fara da ɓangaren asara, domin masanin tattalin arziki ba ya ɓoye ta. Ƙa'ida ta farko ita ce, tsadar kowane abu ta haɗa da ribar da aka sadaukar domin a same shi. Hekta 78 daidai take da murabba'in mita 780,000. Idan aka yanka ta fuloti-fuloti na ƙafa 60 da ƙafa 120, za a sami fiye da fulotai dubu ɗaya, kafin a cire tituna da magudanan ruwa. Mai karatu ya tambayi kowane dillali kuɗin fuloti ɗaya a wannan unguwa, ya ninka. Abin da ya fito, shi ne kuɗin da aka haƙura da shi. Kuɗin shiga da ake karɓa a ƙofa, ko da an haɗa da na hawan gada, ba zai kama ƙafar wannan adadi ba. Wanda ya tsaya a nan zai ce an yi wauta.

Sai dai lissafin bai ƙare ba. Ƙa'ida ta biyu ita ce, akwai amfanin da ba ya bi ta kasuwa, yana malala zuwa ga maƙwabta ba tare da sun biya ko kwabo ba. Lekki yanki ne mai ƙwari, tsakanin teku da tafkin Ikko, kuma yawancin unguwanninsa an gina su ne a kan fadamar da aka cike da yashi. Fadama kuwa aikinta shi ne ta sha ruwan sama, ta riƙe shi, ta sake shi sannu a hankali. Idan aka shafe ta da siminti, ruwan ba ya ɓacewa, sai ya nemi hanya ta cikin falon mutane da rumbunan ajiyar kaya. Mazauna Lekki da tsibirin Victoria sun ga haka a watan Yuli na 2017, lokacin da ambaliya ta mamaye tituna da gidaje, motoci suka nutse, kasuwanci ya tsaya. Ba muna cewa hekta 78 za ta hana ambaliya a birni mai mutane miliyoyi ba. Abin da muke cewa shi ne, kowane murabba'in mita na fadama da aka bari yana yin aikin da in babu shi sai gwamnati ta gina lambatu da kuɗin haraji, ko mai kanti ya biya ta hanyar asarar kaya da ƙarin kuɗin inshora. Matsalar ita ce, wannan amfani ba ya shiga littafin mai filin, saboda haka kasuwa ita kaɗai ba za ta taɓa barin irin wannan fili ba.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga 'yan Arewa. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna amfanin fadamar Haɗeja da Nguru, inda ita ma NCF ta daɗe tana aiki. Sun haɗa kifi, da noman fadama, da itacen wuta, suka kwatanta da abin da noman rani na aikin Kogin Kano ke samarwa da ruwan da madatsar Tiga ta tare. Suka gano cewa, idan aka auna da yawan ruwan da kowane ɓangare ke ci, amfanin fadamar ya zarce ƙwarai da gaske. Abin da ake ɗauka ruwa ne yana zuba a banza, ashe dukiya ce da ba a ƙidaya ba.

Yanzu mu zo ga babban aikin cibiyar, watau ilmantarwa, wanda shi ne ya fi wuyar aunawa. Makarantun firamare da na sakandare suna kai ɗalibansu, jagorori su zaga da su, su nuna musu itatuwa da dabbobi, su bayyana musu yadda fadama ke aiki da abin da leda ke yi wa magudanar ruwa. Bugu da ƙari, gidauniyar tana tallafa wa ƙungiyoyin kiyaye muhalli a makarantu a sassa daban-daban na ƙasar. Yaron da aka haifa a Mushin ko Ajegunle yana iya gama sakandare bai taɓa shiga daji ba. Shi ne kuma gobe zai zama injiniya, ko kansila, ko mai gidan haya da zai yanke shawarar ko ya toshe hanyar ruwa domin ya ƙara shago ɗaya.

Me ya haɗa wannan da aljihun ɗan kasuwa? Doka tana da tsada idan jama'a ba su fahimci dalilinta ba. Nijeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a 1988, bayan da aka gano dattin guba da aka jibge a garin Koko, sa'an nan ta kafa dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli a 1992. A watan Janairu na 2024 kuma gwamnatin Jihar Ikko ta haramta fararen robobin kumfa da ake zuba abinci a cikinsu, saboda yadda suke toshe magudanai. Masu sayar da su da masu abinci da yawa abin ya zo musu ba shiri, da kaya a rumbu. Inda masu saye suka riga suka san illar abu, kasuwa takan juya da kanta a hankali, ɗan kasuwa ya sami lokacin canza haja. Inda ba su sani ba, sai doka ta faɗo dare ɗaya, a ɗauki jami'an tilastawa, a yi ta kame da tara. Ilmin yana da araha idan aka kwatanta, amma amfaninsa sai bayan shekaru goma ko ashirin yake bayyana, kuma ba wanda ya biya ne kaɗai zai ci ba. Shi ya sa kowa ke jiran wani ya biya.

To, wa ke biya? A Lekki hanyoyin su ne gudummawar kamfanoni, da kuɗin membobin gidauniyar, da kuɗin ƙofa. Kowacce tana da rauninta. Gudummawar kamfani takan bi yanayin ribarsa da ra'ayin shugabanninsa, kuma akwai masu ganin kamfanin mai yana ba da irin wannan kuɗi ne domin ya gyara sunansa. Ko da hakan ne, dajin dai yana nan. Kuɗin ƙofa ya fi tabbas, amma yana da tarko. Masu zuwa shaƙatawa da ɗaukar hoto a kan gada sun fi kawo kuɗi bisa ga ɗaliban makarantar gwamnati. A ganinmu, idan aka bar lissafin ƙofa ya yi jagora, wurin zai koma filin wasa mai itatuwa, hayaniya ta kori tsuntsaye, kuma yaron Ajegunle da aka fi buƙatar ya zo kuɗin shiga ya hana shi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba farashi: baƙo mai hali ya biya cikakke, rarar ta ɗauki nauyin motar makaranta da albashin jagora.

Kamfanin da ke neman inda zai sa kuɗin taimakon jama'a yana iya farawa daga nan da ɗan abu kaɗan. Ɗaukar nauyin ziyarar aji ɗaya bai wuce kuɗin mota, da na shiga, da abincin rana ba, kuma ana iya ƙidaya ɗaliban da suka je a rubuta a rahoton shekara. Masu harkar filaye kuwa su tuna cewa gidan da ke kallon itatuwa ya fi saurin samun ɗan haya bisa ga wanda ke kallon katangar maƙwabci, watau wani kaso na ribarsu daga dajin da ba su saya ba yake fitowa.